Tambaya da Amsa: Wai ruwan cikin ido daga ina yake fitowa?

Tambaya: Salam likita, an auna idon mahaifiyata an ce fireshan ya hau, wai hawan jinin ido ne, ruwa ya taru a ciki. To ni abin da ban gane ba, hawaye ne ke komawa ciki ko me? Tun ranar ta rage shan ruwa wai don ya sauka. Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Da farko dai ki lallaɓa ta ta sha ruwanta, ƙishirwa ba za ta sauke komai ba, illa kada ta riƙa kwankwaɗar lita guda a tashi ɗaya, wannan kam yana ɗan ɗaga fireshan na wani lokaci.

Ba hawaye ba ne. A bayan baƙin ido akwai wani ɗan zoben tsoka mai shimfiɗar ƙwayoyin halitta biyu manne da juna, su ke tatso ruwan, kuma abin mamakin ba ruwan suke turawa ba, gishiri suke turawa. Shimfiɗa ta farko tana zuƙo kuloraid, wato rabin gishiri, daga ɓangaren jini ta miƙa wa ta biyu, ita kuma tana da wasu 'yan ƙofofi da ke buɗewa su saki kuloraid ɗin cikin ido, sodiyam, wato ɗaya rabin gishirin, ya bi shi, ruwa kuma dama inda gishiri ya nufa can yake bi. In ƙwayar ta kumbura ƙofofin su ƙara buɗewa, ta sace kamar balan-balan. Masu bincike da yawa na ganin waɗannan ƙofofin ne ke ƙayyade yawan ruwan da ake samarwa, wanda bai wuce maikurolita 2 zuwa 3 a minti ba, sai a yi kusan minti 20 kafin a tara ɗigo guda, cikin barci kuma ya ragu da kusan rabi.

Amma fa galibi a wannan ciwon ba yawan ruwan ne matsalar ba, magudanar da ruwan ke bi ya fita daga ido ce ke cushewa, sai awon fireshan da aka saba gani tsakanin 10 da 21 ya haura, jijiyar gani ta riƙa lalacewa shiru ba ciwo. Magungunan ɗigawa irin su timolol da dorzolamide rage wa famfon da ke tatso ruwan ƙarfi suke yi, shi ya sa da an daina ɗigawa fireshan yake komawa gidan jiya. In Mama na da asma ki tabbata likitanta ya sani kafin a ba ta timolol.