Tambayi Likita: Afolo, Tabarau da Maganin Ɗigawa na Kemis

Tambaya: Likita, afolo ya shigo mana gida, yara uku idonsu ya yi jajir, kullum da kwantsa suke tashi. Maƙwabciyata ta ce in ɗiga musu ruwan sukari ko na albasa. Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba su lafiya. Don Allah kada ki ɗiga ko ɗaya, haka ma nono da fitsari. Afolo yakan wuce da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu, abin da aka zuba a ciki ne ke jawo gyambo a baƙin ido har a rasa gani. Ki tafasa ruwa ya huce, ki jiƙa auduga, ki share kwantsar daga wajen hanci zuwa gefen kunne, shafa ɗaya ki yar, ki ɗauki sabuwa. Kowane yaro da tawul ɗinsa, a yawaita wanke hannu da sabulu, domin ta hannu yake yaɗuwa, kallon mai shi ba ya sa a kamu. Idan gani ya dusashe, ko yaro ya kasa buɗe ido a haske, ko kin ga farin tabo a kan baƙin, sai asibiti. Jaririn da bai kai wata ɗaya ba kuwa, ranar da aka ga ruwa ko mugunya a idonsa ranar za a kai shi.

Tambaya: Shekarata 43, ni tela ne a Maraɗi. Yanzu sai yaron shago ya zura mini zare a allura. An ce tabarau na ƙara kashe ido.

Amsa: Malam, ba gaskiya ba ne. Daga shekara 40 madubin da ke cikin ido yana fara tauri, sai ganin kusa ya yi wuya, ko ka sa tabarau ko ba ka sa ba. Mai shekarunka yakan fara da lamba +1.00 ko +1.25, ta riƙa hawa har wajen +2.50 a shekara 60. Je a auna ka, ido biyun ba lallai lambarsu ta zo ɗaya ba.

Tambaya: Duk hunturu idona na ƙaiƙayi. Wani mai kemis ya ba ni maganin ɗigawa, nan take nake jin daɗi, wata shida ke nan ina sawa. Da matsala? Daga wata ɗaliba a Kano.

Amsa: 'Yata, wannan tambayar ta fi tayar mini da hankali. Ɗauko kwalbar ki karanta. In kin ga dexamethasone, betamethasone ko prednisolone, to maganin yana kwantar da ƙaiƙayi, amma daɗewa a kansa na toshe hanyar da ruwan cikin ido ke fita. Ruwan ya taru, matsinsa ya wuce 21, alhali ƙa'idarsa 10 zuwa 21 ne, sai ya riƙa cin jijiyar gani. Shi ne hawan jinin ido. Ba ya ciwo, daga gefe yake fara cinye gani, mutum ya riƙa tuntuɓe da kujera bai san dalili ba, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Yana kuma kawo yanar ido tun da ƙuruciya. Ki tafi da kwalbar asibitin ido cikin makon nan, a auna matsin, likita ya tsara miki yadda za ki rabu da shi, ya ba ki wanda ba shi da wannan illar. Kwalbar da aka buɗe ma ba ta wuce mako huɗu. Duk wanda aka taɓa samun hawan jinin ido a danginsa ya riƙa zuwa awo kowace shekara.

Tambaya: Siminti ya faɗa wa leburana a ido. Me ya kamata a fara yi?

Amsa: Ruwa, tun kafin a nemi mota. A buɗe fatar idon da yatsu, a kwarara ruwa mai tsabta da buta ko ledar fiya wata, ba tsayawa, aƙalla minti 20, yana juya ƙwayar sama da ƙasa. Kada ya murza, kada a sa manja. Siminti yana ci gaba da ƙona ido ko da zafin ya lafa, saboda haka ana gama wankewa a wuce da shi asibiti.