Amsa ga mai tambayar yaye maraƙi ɗan sati uku

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce maraƙinka ɗan sati uku ne, kana so ka yaye shi saboda ana sayar da nonon uwar, amma da ka fara cika masa dusa da ciyawa sai ciki ya kumbura, ga zawo. Don Allah ka dakata da yayen nan. Na daɗe ina kiwon Gudali a wajen Jega, kuma gaggawar yaye na cikin abin da na fi ganin yana kassara maruƙa.

Saniya ba da kanta take narkar da ciyawa ba. Ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke mata aikin a cikin tumbi. Shi kuwa maraƙi da ɗan ƙaramin tumbi ake haihuwarsa, kusan babu kowa a ciki. Idan yana tsotso, nonon ma ba ya shiga tumbin, cikin saniya kashi huɗu ne, wata hanya ce ke kai shi ciki na huɗu kai tsaye. Halittun nan daga uwa yake fara samunsu: wurin haihuwa, lasar da take masa, bakin hantsa. Wasu cikin kwanakin farko suke zama, wasu kuwa sai ya yi cuɗanya da manyan shanu. Shi ya sa ba na son a ɗaure maraƙi shi kaɗai a bayan gida.

Sai batun dakashi, wato nonon farko da uwa ke fitarwa bayan haihuwa. Har yanzu akwai masu tatse shi su zubar, wai ƙazanta ne. Abin yana min ciwo ƙwarai. Awa 6 na farko su ne mafi muhimmanci, bayan awa 24 kuwa hanjin ya daina ɗaukar garkuwar jiki da ke cikin dakashin.

Abin da ke gina tumbi shi ne tsaki kaɗan-kaɗan. Idan halittun suka sarrafa hatsi, tsamin da ke fitowa shi ke tsirar da 'yan tsigogin nan da kake gani jikin tumbi a wurin mahauci, kuma ta nan dabba ke tsotse amfanin abinci. Wannan yana cin sati 3 zuwa 4 daga ranar da ya fara ci sosai. Harawa mai laushi tana buɗe tumbin ta ƙarfafa shi. Ni da tafin hannu ɗaya na tsakin masara ko dawa nake farawa, da ɗan ƙuli-ƙulin gyaɗa. Ruwa mai tsabta ya zauna gabansa kullum, domin halittun cikin ruwa suke rayuwa, kuma nono bai maye gurbinsa.

Kada ka ba shi angurya ko abincin da aka haɗa da yuriya yanzu, tumbinsa bai isa ya kashe dafinsu ba. Dusar shinkafa mai ƙaiƙayi ma, duk da arharta a nan Kebbi, cika ciki kawai take yi. Ka kuma tsince leda daga turken.

Zawon kuwa, ka ba shi ruwan gishiri da sukari tsakanin shan nono, kada ka hana shi uwa. Kada ka ɗura masa kafso haka kawai, yana kashe halittun da kake son su zauna. Idan ka ga jini, ko idonsa ya faɗa, ko ya ƙi tsotso, ka nemi likitan dabbobi a ranar.

Ka duba yaye bayan ya haura wata 3, yana tuƙa sosai, yana cinye tsakinsa kwanaki a jere. Kafin nan, a riƙa bar masa kan nono biyu, a tatsi sauran biyun. Allah ya raya maka shi.