Gwaggo, na rantse da Alƙur'ani na karya: kallon batsa ya fi ƙarfina

Assalamu alaikum Gwaggo, ina gaishe ki da aiki. Don Allah a sakaya sunana.

Shekaruna 27, ina gyaran waya a wata rumfa kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram. Tun ina yaron shago nake tura wa mutane waƙoƙi da fina-finai a memori, kuma a nan na fara cin karo da bidiyon batsa, don wasu sukan raɗa mini in sa musu "na manya". Da farko dariya nake yi. Yau ni ne abin ya kama.

Idan muka tashi daga fada, wato majalisar hirarmu ta samari, tsakar dare na shiga ɗaki, sai hannuna ya kai ga waya. In sayi forfen dare, wato datar intanet ta dare, in ce minti goma kawai, sai dai in ji kiran assalatu. Daga kallon sai istimna'i, wato biyan buƙata da hannu. Asuba tana wuce ni saboda nauyin wanka, da rana kuma ina gyangyaɗi a kan wayoyin mutane. Irin wanda na fara kallo ya daina isata, yanzu ina neman abin da ko faɗinsa ba zan iya ba.

Na goge, na sake saukewa. Na dafa Alƙur'ani na rantse, na karya. Da azumi nakan daina, bayan sallah in koma. Har jika biyar na ba wani mai maganin gargajiya, na sha, babu canji.

An sa ranar aurena bayan babbar sallah. Abokina ya ce aure zai raba ni da abin, ni kuma tsoro nake kada in riga na lalata kaina, in kasa sauke haƙƙin iyali. In gaya wa yarinyar? Kuma Allah zai karɓi tuban wanda kullum yake komawa?

Ɗanki daga Zengo.

Amsar Gwaggo

Wa alaikumus salam ɗana. Tambayarka ta ƙarshe zan fara ɗauka, don ita ce ke cin ka. Buɗe Suratuz Zumar, aya ta 53, inda aka hana waɗanda suka yi wa kansu ɓarna yanke ƙauna daga rahamar Allah. Rantsuwar da ka karya kuwa tana da kaffara: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, in babu hali azumin kwana uku. Ka biya, ka daina sabuwar rantsuwa. Duk wadda ka karya ƙara maka ƙin kai take yi, kuma wanda ya tsani kansa da dare wayar nan dai yake komawa don ya ji sanyi.

Likitoci sun san wannan matsala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya rashin iya kame kai a sha'anin jima'i, har da kallon batsa, cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Abin da suke dubawa shi ne mutum ya yi ta ƙoƙarin dainawa yana kasawa wata shida ko fiye, abin yana taɓa aikinsa da zamansa da mutane, yana kuma ci gaba ko daɗin ya ragu. Ka ga kanka a ciki. A ƙwaƙwalwa akwai sinadarin dofamin da ke tashi idan mutum yana sa ran jin daɗi, sabon abu kuma yana zuga shi. Waya ba ta rasa sabo, shi ya sa minti goma ke zama asuba, shi ya sa kuma na jiya ba ya isar ka yau.

Abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarka shi ne maganar azumi. Wata guda kana iyawa! Me ya canza? Darenka ne ya cika: tarawihi, hira da mutane, sahur, ba ka kaɗaita da waya. Ashe ba ƙarfin zuciya ka rasa ba, tsarin dare ne ba ka da shi. Ka gina wa sauran watanni sha ɗaya irin wannan tsari.

Babbar waya ta kwana a rumfa, a kulle tare da kayan aiki. Kai mai gyara ne, ba ka rasa 'yar ƙarama mai madannai da za ka riƙe don kira da tashin asuba. Forfen dare kuma a yi sallama da shi. Fita daga zaurukan Telegram da WhatsApp da ake turo abin, share memorin da ka ɓoye (na san akwai, kowa yana barin guda "ko da"). Manhajojin toshe shafuka suna taimakon wasu, amma kai da kake buɗe wayoyin da masu su suka manta lambar sirri, wace manhaja za ta tsare ka? Sai dai wani ya riƙe lambar. Sannan turin "na manya" ya ƙare daga yau. Mai son barin giya ba ya zama yana zuba wa wasu a kofi.

Ka rage shayin dare a fada, yana kore barci, ido biyu a ɗaki kai kaɗai kuwa shi ne tarkon. In da ƙanenka a gida, ku riƙa kwana ɗaki ɗaya. Idan sha'awar ta taso, kada ka kwanta kana kokawa da ita. Tashi, fita tsakar gida, yi alwala, taka. Takan hau ta sauka da kanta in ba a biye mata ba. Ka kuma lura da ranakun da abin ya fi ƙarfi: ranar da ciniki bai yi ba ne, ko ranar da aka ɓata maka rai? Azumin Litinin da Alhamis zai taimaka, Annabi (SAW) ya yi wa matasan da ba su sami halin aure ba nuni da azumi.

Ka gaya wa mutum ɗaya, namiji mai riƙe sirri, malaminka ko wani yayanka, wanda zai riƙa tambayarka duk mako. Ba 'yan fada ba. Idan ka zame, ka faɗa masa washegari, ka yi wanka ka yi sallarka ko rana ta fito, ku duba ta inda aka shigo.

Abokinka bai yi daidai ba. Aure yana rage wa wasu, amma ina samun wasiƙun matan da mazansu ke juya musu baya su rungumi waya. 'Yar mutane ba magani ba ce. Abin da kake kallo shiri ne na 'yan wasa, ana yankawa ana haɗawa, kada ka shiga ɗakin amarya da wannan ma'auni. Ban ce ka zayyana mata abin da Allah ya rufa maka ba. Amma in ranar ta matso kana nan inda kake, ɗaga biki da wani uzuri ya fi a kai ta cikin abin da ba ta sani ba.

Batun lalacewa kuma kwantar da hankalinka. Istimna'i ba ya ƙarar da maniyyi, jiki yana ci gaba da yin sabo, ba ya kuma hana haihuwa. Yawancin raunin da samari ke gani a farkon aure fargaba ce ke kawo shi. Ka bar ba masu lasifika kuɗinka. In ka ga wata biyu ko uku babu sauƙi, ko barci ya ƙaurace maka, ko baƙin ciki ya kai ka ga tunanin cutar da kanka, je babban asibitin Zinder ka nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam. Aikinsu ne, kuma sirrinka amana ce a hannunsu. Ka sake rubuto mini kafin a fara rabon goron biki, in ji inda aka kwana.

Gwaggonka.