Ƙasar buhunan bara: a zubar ko a sake shuka a cikinta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Tudun Wadan Zariya. Bara na shuka tumatir da attarugu da kuɓewa a buhuna 12 a tsakar gida. Yanzu duk sun gama, ƙasar ta sauka kusan rabin buhu, ta yi tauri, samanta kuma ya yi fari-fari kamar an barbaɗa kanwa. Kuɗin sabuwar ƙasa da taki da na mai kawowa ya yi mini nauyi. Ko zan iya sake shuka a cikinta?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa wannan ƙoƙari albarka. Kada ki yi gaggawar zubarwa. Akwai ƙasar da ta gaji, akwai kuma wadda ta kamu da cuta, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Wadda ta gaji abinci da iska kawai take buƙata. Mai cuta ita ce abin tsoro, kuma saiwar tsohuwar shukar ce za ta gaya miki wacce ce a hannunki.

Don haka kafin komai, ki tumɓuke kututturen kowane buhu shi kaɗai, ki wanke saiwar a bokiti ki duba ta a cikin haske. Lafiyayyar saiwa siririya ce, sumul, kamar zare. In kuwa kika ga ta kumbura ta yi ƙulu-ƙulai jere kamar carbi, to wata tsutsa ce ta shige ta, ƙanƙanuwa ƙwarai har ido ba ya ganinta, kuma ta riga ta zuba ƙwai a ƙasar. Tumatir da kuɓewa suna cikin abincin da ta fi so. Mutane da yawa kan ruɗe a nan, saboda saiwar wake da gyaɗa ma tana da ƙulu-ƙulai. Bambancin shi ne na wake a maƙale suke a gefe, da kin murza da yatsa sai su faɗi, kuma su alheri ne, taki suke tara wa ƙasa. Na tsutsa kuwa jikin saiwar ne da kansa ya kumbura, ba ya ciruwa sai kin tsinka ta.

Sannan ki tuna yadda kowace shuka ta ƙare. Wadda ta ba da 'ya'ya har ta tsufa ta bushe, babu laifi. Wadda kuwa ta yi yaushi tana kore shar alhali ƙasarta a jiƙe take, ko ganyenta ya bi rawaya daga ƙasa zuwa sama, cikin karanta ya yi ruwan ƙasa in an tsaga, wannan cutar bushewa ce, kuma ƙwayoyinta kan daɗe a ƙasa, wasu shekaru da yawa. Irin wannan buhun ni ban yarda a sake zuba masa tumatir ba, ko an gasa ƙasar. Ki ware shi, ki ƙone kututturen, kada ki jefa shi cikin takin da kike tarawa. Haka in kin ga ɓarnar Sharon, tsutsar nan mai cin cikin ganye da ta durƙusar da manoman tumatir a jihar Kaduna a 2016: ita ma takan sauka ƙasa ta kwanta kafin ta fito da fuka-fuki.

Farin da kika gani a sama gishiri ne. Takin zamani da ruwan rijiya ko na burtsatse suna barinsa a baya idan rana ta shanye ruwan, musamman in ana ban ruwa kaɗan-kaɗan da bai kai ya zubo ta ƙasan buhu ba. Ki kankare saman kamar faɗin yatsu biyu ki zubar, sauran ki kwarara masa ruwa sosai sau biyu ko uku har ya riƙa tsiyaya.

Sai ki zazzage ƙasar a kan tamfol ko dandamalin siminti, ki farfasa ƙulalan, ki tankaɗe da rariya mai manyan ido. Za ki fitar da guntayen saiwa da leda, wataƙila har da gwazarma, ita kuwa ki miƙa wa kaji.

Yanzu batun gasa ƙasar da zafin rana don kashe ƙwayoyin cuta, wanda mu a Zariya Allah ya ba mu kyauta. Ranar Maris da Afrilu, bayan hazo ya tafi kuma kafin ruwan Mayu ya sauka, ita ce mafi dacewa. Ki yayyafa wa ƙasar ruwa ta yi danshi, yadda in kin dunƙula za ta kama amma ba za ta ɗiga ba. Ki baza ta kada kaurinta ya wuce taƙi ɗaya, ki lulluɓe da farar leda mai nuna ciki, ki danne gefe da bulo ko ƙasa yadda iska ba za ta shiga ba. Ki bar ta mako 4 zuwa 6 a inda rana ke duka tun safe. Danshin nan shi ne sirrin, domin busasshiyar ƙasa ba ta isar da zafi ciki, ƙwayoyin cutar ma sun fi jure zafi in a bushe suke. Da rana tsaka za ki ga gumi ya taru a cikin ledar, in kin ɗora tafin hannu sai kin janye. A lokacin hunturu kuwa, hazo yana tare rana, aikin ba ya yi yadda ake so. In kina sauri kuma ƙasar ba ta da yawa, ki turara ta a rabin duro kamar dambu, ki binne ɗan ƙaramin dankali a tsakiya. In ya nuna, zafin ya isa. Ki sani dai zafi yana kashe masu amfani tare da masu cutarwa, shi ya sa taki ke biyo baya.

Ga yadda nake haɗawa: kwano biyu na tsohuwar ƙasa, kwano ɗaya na ruɓaɓɓen taki, rabin kwano na ɓuntun shinkafa, in an babbaka shi ya yi baƙi ya fi kyau. In babu ɓuntu, yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa zai buɗe ta. Taurin da saukar da kika gani ai takin bara ne ya narke ya ƙare, aka bar laka ita kaɗai tana danƙarewa. Takin kuma lallai ya zama wanda ya daɗe, ya yi baƙi, warinsa ya tafi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, ɗanyen na shanu kuma yana gayyato gara. Toka kada ta wuce ɗan barbaɗe, musamman ga ƙasar da ta riga ta nuna gishiri. Ƙasar juji kuma ina roƙonki ki guje ta ga abin da iyali za su ci, don ba ki san batir nawa ya ruɓe a ciki ba. Bayan haɗawa ki jiƙa, ki bar ta kamar mako biyu kafin dashe.

Saura abin da za ki shuka. Tumatir da attarugu da tattasai da barkono da gauta da dankalin Turawa 'yan gida ɗaya ne, cutarsu ɗaya, don haka cire tumatir a sa attarugu ba canji ba ne. Buhunan da saiwarsu ta kumbura, bana ki ba su albasa ko tafarnuwa, kada ki sa kuɓewa. Tumatir ya samu ƙasar da ta fi tsafta a cikinsu, ko ki saya masa sabuwa shi kaɗai, buhu uku ko huɗu, wanda ya fi sauƙi a kan sabunta duka 12. In wata saiwa ta rikita ki, ki sa ta a leda ki kai Samaru, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take, masana cututtukan tsirrai su duba miki.

Buhunan da rana ta cinye ki sauya su, don a tsakiyar damina za su yage. Bokitai da robobi kuwa ki goge su tas, ki jiƙa su minti 10 a ruwan Hypo, murfi ɗaya a murfi tara na ruwa, ki ɗauraye, sannan ki duba hujin ƙasan kowanne ko laka ta toshe shi.