Filin Amsoshinku: Da Gaske Ne Dabarar Talla Ce Ta Sa Sony Ya Janye Fim Ɗinsa Bayan Kutse?

Wasiƙun wannan makon daga Jos suka fi yawa, kuma kusan duk a kan magana ɗaya suke, wato fim ɗin nan na barkwanci mai suna The Interview da kamfanin Sony Pictures ya fasa saki a ƙarshen 2014 bayan an yi wa kwamfutocinsa kutse. Mun zaɓi uku.

Tambaya ta farko, daga wani ɗalibin koyon harkar fim a Unguwar Rogo: “Assalamu alaikum. Muna ta gardama a majalisarmu. Wasu sun ce babu wata Koriya ta Arewa da ta yi kutsen, Sony ne ya shirya abinsa don fim ɗin ya yi suna, tunda daga baya ai sun sake shi. Ni ma biri ya yi mini kama da mutum. Mene ne gaskiyar lamarin?”

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a yi maganar manufa, a fara jera abin da ya faru bi da bi, domin yawancin masu wannan zargi sun tsallake kwana biyu masu muhimmanci a tsakiyar labarin.

Fim ɗin na Seth Rogen da James Franco ne, labarin wasu 'yan jarida biyu da aka tura su kashe shugaban Koriya ta Arewa, Kim Jong-un. Tun watan Yuni na 2014 gwamnatin ƙasar ta yi Allah wadai da shi, har ta kai ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya. Ranar Litinin 24 ga Nuwamba ma'aikatan Sony suka kunna kwamfutocinsu suka tarar da hoton ƙwarangwal da saƙon wasu masu kiran kansu Guardians of Peace. An kwashe bayanai, sannan aka goge abin da ke cikin injinan. Ranar 16 ga Disamba masu kutsen suka yi barazanar kai hari gidajen sinimar da za su nuna fim ɗin, har suka ambaci harin da aka kai Amurka ranar 11 ga Satumban 2001. Zuwa washegari manyan kamfanonin sinima irin su Regal da AMC da Cinemark da Carmike suka ce ba za su haska shi ba. Sai bayan nan Sony ya sanar da fasa sakin da aka shirya yi ranar Kirsimeti.

Kenan masu sinima ne suka fara ja da baya. A lokacin Sony ba shi ne mai ɗakunan kallon ba, kamar yadda furodusa a nan ba shi ne mai shagon 'yan dawunlodin ba. In masu allo sun rufe ƙofa, ko kana so ko ba ka so kayanka sun dawo hannunka. Su kuma masu sinimar suna da dalilinsu a fili. Makon Kirsimeti yana cikin makonnin da suka fi ciniki a shekara, kuma gini ɗaya yana da ɗakuna goma ko fiye. Idan iyalai suka tsorata suka ƙi zuwa, duk finafinan da ke sauran ɗakunan ne za su yi kwantai. Ga kuma harbin da aka yi a wata sinima a garin Aurora na jihar Colorado a 2012, wanda ya jawo wa mai gidan shari'a. Wanda aka yi wa gargaɗi a bainar jama'a ya buɗe ƙofa, in wani abu ya faru, lauyoyi ba za su raga masa ba, duk da cewa hukumar tsaron cikin gida ta Amurka ta ce a lokacin ba ta ga wata sahihiyar alamar shirin hari ba.

Yanzu a zo ga lissafi, don shi ne ke kashe maganar talla. An kashe kimanin dala miliyan 44 wajen shirya fim ɗin, ban da kuɗin tallarsa, wanda shi ma miliyoyi ne masu yawa kuma an riga an kashe mafi yawansu kafin a fasa. An yi niyyar haska shi a dubban ɗakunan kallo. Da Sony ya sauya shawara, bayan Shugaba Barack Obama ya faɗa a fili ranar 19 ga Disamba cewa kamfanin ya yi kuskure, sai aka sake shi a intanet ranar 24 ga wata ta Google Play da YouTube da Xbox Video, haya dala 5.99, saye dala 14.99, washegari kuma a ƙananan sinimomi ɗari uku da 'yan kai. Ya tara sama da dala miliyan 40 a intanet zuwa watan Janairu, a sinimomin Amurka kuwa kimanin miliyan 6 kacal. Kada adadin ya ruɗe ka, ba duka ne ke shiga aljihun kamfani ba. Mai sinima yana riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, shagon intanet ma yana cire nasa kason. Sannan hayar dala shida gida guda ne za su zauna su kalla, alhali a sinima kowane kai da tikitinsa.

Ka ɗora a kan wannan abin da kutsen ya ci. An watsa finafinan kamfanin har biyar kyauta, ciki da Fury da Annie. An tona lambobin shaidar mutum kusan 47,000, da albashi, da bayanan lafiyar ma'aikata, har suka kai kamfanin kotu aka sasanta a kan kuɗin da zai iya kai dala miliyan 8. Kamfanin ya ware dala miliyan 15 don bincike da gyara a watannin farko. Wasiƙun imel na shugabanni sun fito, ciki da waɗanda Amy Pascal, ɗaya daga cikin shugabannin Sony Pictures, ta yi raha mai warin launin fata a kan Obama, kuma a watan Fabrairun 2015 aka sanar da cewa za ta sauka daga kujerarta. Wane mai kasuwa ne zai cinna wa rumbunsa wuta don a san yana sayar da gyaɗa? Sunan da fim ɗin ya yi gaskiya ne, kuma Sony ya ci moriyarsa da ya ga dama ta samu. Amma cin moriyar abu bayan ya faru daban, shirya shi daban.

Akwai kuma masu cewa inshora aka so a karɓa, wai in an fasa fim gaba ɗaya ana biyan diyyar da ba a biya in an sake shi rabi da rabi. Amsar gajera ce: cikin mako guda suka sake shi. Mai neman diyyar asara ba ya fitar da kayan kasuwa.

Tambaya ta biyu, daga wata malamar makaranta a Rikkos: “To in ba su suka shirya ba, ta yaya aka san Koriya ta Arewa ce? Na ji an ce na gida ne ya yi. Ai da ɗan gari akan ci gari.”

Malama, wannan zargin ya fi na farko nauyi, kuma ba 'yan majalisar shayi kaɗai suka yi shi ba. Wani kamfanin tsaron kwamfuta mai suna Norse ya fito a lokacin ya ce yana zargin tsohon ma'aikaci da aka sallama. Hujjojin masu shakka ba na banza ba ne. Saƙon farko da aka aika wa shugabannin Sony kwanaki kaɗan kafin harin kuɗi ya nema, bai ambaci fim ba. Manhajar da aka yi gogewar da ita kuma tana ɗauke da sunayen injinan kamfanin da kalmomin sirrinsu a rubuce a cikinta, kamar wanda ya san gidan ciki da bai.

Sai dai wannan hujja ta biyu tana da wata fassarar. Mai kutsen da ya yi makonni a cikin gida ba a sani ba yana sanin ɗakunansa kamar ɗan gida. Ana farawa ne da imel na yaudara, a aiko wa ma'aikaci saƙo kamar daga Apple ko Facebook a ce ya tabbatar da kalmar sirrinsa. In ya ciji ƙugiya, sai a shiga da sunansa, a bi daga kwamfuta zuwa kwamfuta har a sami mabuɗin mai kula da tsarin baki ɗaya. Daga nan a riƙa jan bayanai kaɗan-kaɗan. Gogewa ce ta ƙarshe, ana lalata har sashen da ke tayar da inji, shi ya sa ma'aikatan Sony suka koma biro da takarda da tsofaffin wayoyin BlackBerry. Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: a cikin kayan da aka watsa an ga jakar fayil da aka raɗa wa suna “Password”, cike da kalmomin sirri a buɗe.

Hukumar bincike ta Amurka, FBI, ta ɗora laifin a kan Koriya ta Arewa ranar 19 ga Disamba, bisa kamannin manhajar da waɗanda aka taɓa kai wa bankuna da gidajen talabijin na Koriya ta Kudu hari da su a 2013. Shugabanta na lokacin, James Comey, ya ƙara da cewa masu kutsen sun yi sakaci a wasu lokutan sun shiga kai tsaye daga adireshin intanet da ƙasar ke amfani da su, ba tare da sun ɓoye sawu ba. A 2015 mai shakka yana da uzuri, don hujjar da aka bayyana ba ta da yawa. Amma a watan Satumban 2018 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta tuhumi wani ɗan Koriya ta Arewa, Park Jin Hyok, a wata doguwar takarda da ta bi sawun asusun imel da injina ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa harin Sony da satar dala miliyan 81 daga babban bankin Bangladesh a 2016 da cutar kwamfuta ta WannaCry a 2017. Koriya ta Arewa ta musanta, kuma ba a gurfanar da mutumin ba. A ganinmu dai nauyin hujja yanzu yana wancan ɓangaren.

Tambaya ta uku, daga wani furodusa a Titin Bauchi: “Ranku ya daɗe, mu ba mu da Koriya ta Arewa, amma finafinanmu suna fita waya kafin mu sake su. Me za mu yi?”

Alhaji, a nan kam maganar malamar Rikkos ta fi zama daidai, yawanci ta hannun na kusa kaya ke fita: ɗakin editin, mai gyaran sauti, jarumin da aka tura wa ya duba, ko yaron da aka aika da hadis, wato na'urar ajiyar fim ɗin (hard disk).

Fara da gano inda ta yoyo. Ka sauke kwafin da ke yawo ka kalle shi da idon edita. In launi bai daidaita ba kuma sautin lokeshan ne ɗanye, daga teburin editin ya fita. In an gama kiɗa da sauti amma babu fassarar ƙasan allo, to tsakanin mai sauti da mai fassara ne. In komai ya kammala har da sunayen ƙarshe, duba waɗanda aka ba kwafin ƙarshe. Wannan binciken zai yi sauƙi in tun farko duk kwafin dubawa da ka fitar ka sa an rubuta sunan mai karɓa da kwanan wata a tsakiyar hoton, dishi-dishi, ba a kusurwa ba, don kusurwa yanke ta ake yi. Ka rage ingancinsa zuwa 480p, kada ka taɓa tura cikakke ta WhatsApp ko Telegram.

Kwamfutar editin kada ta hau intanet, kada kuma a yi cajin waya a jikinta, don kebul ɗin caji shi ne kebul ɗin kwafa. Manhajar editin ta sata da ake saukewa kyauta sau da yawa da ƙwayar cuta take zuwa. Ka kulle hadis da BitLocker in Windows ne, ko FileVault in Mac ne, yadda ko an ɗauke shi ba zai buɗu ba. Ajiya kuma kwafi uku: na aiki, na biyu a wani hadis da ake cirewa a kulle a durowa bayan an tashi, na uku a wani gida daban. Hadis ɗin da ke maƙale da kwamfuta dare da rana ba ajiya ba ne, duk abin da ya goge ɗaya zai goge ɗayan, haka wutar da ta dawo da ƙarfi.

Tashar YouTube kuwa a buɗe mata imel nata ita kaɗai, wanda ba a hira da shi, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Ma'aikata a ba su izini da nasu asusun ta wurin saitin tashar maimakon a raba musu kalmar sirri, ranar da mutum ya bar aiki a cire shi a ranar. Saƙon da ya zo da sunan kamfani mai son ba ka talla, da fayil a maƙale wai yarjejeniya, ta nan aka fi ƙwace tashoshi. In har sai an buɗe, a buɗe shi a wata wayar da ba ta da alaƙa da tashar.

In kuma an riga an saki, ka ɗauki hoton shafin da adireshinsa da lokacin da ka gani kafin komai, sannan ka cike fom ɗin ƙorafin haƙƙin mallaka na YouTube ko Facebook. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da dokar laifukan intanet ta 2015 duk sun tanadi hukunci, amma lauya zai fara tambayarka takardar da edita da mai sauti suka sa wa hannu cewa ba za su fitar da aikin ba, don haka a rubuta ta tun kafin a miƙa hadis.