An ce kamfanin Nissan ya karye: in sayar da motata?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Bara na sayar da bijimai biyu, na haɗa da kuɗin adashi, na sayi Nissan Rogue 'yar Kwatano, ƙirar 2011. Yanzu a majalisa ana ta cewa kamfanin ya karye, nan gaba kaɗan ko noti ba za a samu ba. Ga shi motar ta fara kuka kamar jiniya in na yi doguwar tafiya, ran Lahadi ma a hanyar Gujungu ta ƙi wuce sittin. Wata biyu da suka wuce bakanikenmu ya ƙara mata jan man giya, ya ce duk man giya ɗaya ne. Hankalina a tashe yake. In rabu da ita ne tun kafin ta zama rabon 'yan gwangwan?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Magana biyu ka haɗa, kuma wadda ta hana ka barci ba ita ce za ta kashe motar ba.

'Yan majalisarku sun tsinci gaskiya, sai suka ƙara mata gishiri. Nissan ya sha wuya. A shekarar kasuwancinsa da ta ƙare a watan Maris na 2025 ya yi asarar kuɗin Japan yen biliyan 670, wato wajen dala biliyan 4.5. Maganar haɗewa da Honda da aka fara a Disamba 2024 ta watse a Fabrairu 2025. Aka sauya shugaba, Ivan Espinosa ya karɓa daga Makoto Uchida, ya ba da sanarwar rage ma'aikata 20,000 da rage masana'antu daga 17 zuwa 10. Amma asara daban, rufe kamfani daban. A 1999 ma bashi ya kusa cinye shi, Renault na Faransa ya zuba kuɗi ya tsamo shi.

A ce ma ya rufe gobe, me ya shafi motarka? Garantinta ya ƙare tuntuni, kuma kayan gyaran da kake saye a Ƙofar Ruwa ba daga ofishinsu na Yokohama da ke Japan ake aiko su ba. Na hannu ne da ake kwancewa daga motocin da suka yi hatsari a Amurka da Turai da Dubai, sai sababbi na wasu kamfanoni. An ƙera irin wannan mota da yawan gaske. Dubi Peugeot 504: shekara nawa da daina haɗa ta a Kaduna, har yau wa ya rasa kayanta?

Batun ƙarko kuwa, Nissan iri-iri ce. Urvan mai injin dizal TD27, da tsohuwar a-kori-kura Hardbody, da Patrol, da Primera mai giyar hannu, waɗannan jakuna ne. Sunan kamfanin ya ɓaci ne a kan giyar otomatik da ake kira CVT, wadda reshensa JATCO yake ƙerawa, kuma ita ce a cikin Rogue ɗinka, da Altima, Murano, Sentra, Qashqai da X-Trail da dama. Ƙorafi ya yi yawa a Amurka har Nissan ya tsawaita garantin wannan giya zuwa shekara 10 ko mil 120,000 ga motocin 2003 zuwa 2010. Giya ce marar haƙuri tun daga gida. Sai ta zo ƙasar zafi da ƙura, ta faɗa hannun mai cewa duk man giya ɗaya ne.

Wannan kalma ta kashe giya fiye da ramukan hanya. Kullum ana jawo irin waɗannan motoci gareji, a zaro sandar gwajin mai a gan ta ja wur, mai mota ya ce ai bakanike ne ya ƙara. Bakanike kuma ya kafe cewa shekara ashirin yana zuba wa Camry da Accord wannan mai ba abin da ya faru. Gaskiya ya faɗa, domin waɗancan giyoyi masu haƙora ne da farantan kuloci, an yi jan man ATF ne dominsu. A cikin CVT abin da ke jan mota bel ne na ƙarfe, ɗaruruwan 'yan ƙarafa a jere, yana tafiya tsakanin fuli biyu da ke matse shi. Ƙarfe ne a kan ƙarfe, ba haƙori ko ɗaya da zai riƙe shi. Matsi ne kawai, da irin man da aka haɗa musamman don ya hana ci amma kada ya bar bel ya zame. Ka zuba ATF, bel ya fara santsi. Duk zamewa ɗaya tana kartar fuskar fuli, kartar tana fitar da garin ƙarfe, garin ya bi mai ya shiga famfon giya da bawul-bawul, matsi ya ragu, bel ya ƙara zamewa. Haka za ta yi ta cin kanta.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne ba ranar take mutuwa ba. Za ta yi wata biyu, uku tana tafiya lafiya, bakanike ya ce ka gani ko? Ranar da ta tsaya an manta da maganar mai, sai a ɗora wa kamfani, a ce dama ya karye. Wasu ma sammu suke zargi. Akwai kuma ƙanin wancan bakaniken, mai cewa ba a taɓa canza man otomatik, in ka canza giya ta tafi. Su biyun ka guje su. Man motarka NS-2 ne, sabonsa kore ne. Masu Altima, Sentra da Pathfinder daga 2013, da Rogue daga 2014, nasu NS-3 ne. Launi kaɗai ba shaida ba ce, ka karanta jikin galan, kuma kada ka yarda da wanda aka ɗura a jarka ko wanda hatimin murfinsa ya taɓu, don jabu ya cika kasuwa.

Ƙin wuce sittin da ta yi maka kwamfutar motar ce ta rage ƙarfi da gangan saboda man ya yi zafi fiye da kima. Kukan jiniyar ma yawanci na mai ne da ya yi zafi ya yi kumfa, musamman in an cika shi ya wuce layi, kuma bakaniken da ke ƙari da kintace ba ya awo. Wannan gargaɗi ne, wataƙila da sauran rai a giyar.

Ka ajiye ta, kada ka sake doguwar tafiya. Ka zaro sandar gwajin, tana da 'yar maƙala a murfi da ake dannawa, ka goga a farar takarda. Ja ko ruwan goro, an gauraya. Baƙi mai ƙauri, ya ƙone. In kana ganin ƙyalli kamar an barbaɗa kwalli, ƙarfe ne. Ka kai ta wurin mai gyaran otomatik a Kano ko Dutse, a hankali da sassafe, ko a ɗora ta a bayan babbar mota. Kada a ja ta da igiya tayoyi a ƙasa, don in inji a kashe yake famfo ba ya tura mai. A sa mata kwamfuta a karanta lambobin, irin P0776 ko P0841 matsalar matsi suke nunawa. Sannan a kwance farantin ƙasan giya a dubi maganaɗisun da ke ciki. Laushin toka-toka ba komai, duk giya tana yi. Tsinke-tsinken ƙarfe kamar ƙaiƙayi, bel ya fara ci.

In laushi ne kawai, a wanke faranti, a canza filta biyun, ta ciki da ƙaramar ta takarda da ke wajen kula, wato na'urar sanyaya man giya. Juyewa ɗaya lita 4 zuwa 5 take fitarwa, kusan rabi ke nan, sauran yana maƙale a ciki. Don haka sau uku za a juye a zuba, ana ɗan zagayawa da motar tsakani, ka tanadi lita 12 zuwa 15. Da tsada, amma bai kai kusa da kuɗin giya ba. A auna a fili mai daidai, inji na aiki, man ya ɗumama tsakanin digiri 50 zuwa 80. Daga nan ka riƙa canzawa duk kilomita 40,000.

Ruwan lagireto shi ke sanyaya man giyar, saboda haka a daina ɗura ruwan rijiya, a wanke lagireto, a tabbatar fanka na tashi. A yanayinmu ƙara wa giya ƙaramar kula ta daban dabara ce mai kyau. Kuma Malam, Rogue ba motar buhuna ba ce. Kada ka loda mata gero zuwa Dawanau. In ta kafe a rairayi ko taɓon damina, kada ka yi ta taka totur kana jefa ta gaba da baya, a tono, a sa itace, a tura.

In kuwa an ga tsinken ƙarfe, ko tana karkarwa in za ka tashi, canjin mai ba zai warkar da kartar fuli ba, sai wata giyar. Ka tabbatar ta dace da taka, mai jan taya biyu daban, mai huɗu daban. Mai shago ya buɗe farantinta a gabanka, ya ba ka kwanakin gwaji a rubuce, a wanke kula da bututunta kafin a ɗaura, in ba haka ba garin tsohuwar zai shiga sabuwar. In ka zaɓi sayarwa a yadda take, ka gaya wa mai saye abin da aka zuba mata, ka san hukuncin ɓoye aibi a ciniki. Sai ka nemi mai giyar hannu, wadda bakaniken garinku zai iya canza wa kuloci a gindin bishiya.