Jirgin wasan yarana yana warin ƙuna, in ci gaba da kunnawa?

Tambaya: Salam Malam. Yayana ne ya aiko wa yarana jirgin ƙasa na wasa mai lantarki daga Amurka, na hannu ne, yanzu taransifomarsa na ɗaukar zafi sosai har warin roba nake ji, kuma naji ance wasu kamfanoni kan janye irinsu daga kasuwa. Ya zan yi? Wata uwa, Zariya.

Amsa: Wa'alaikissalam Hajiya. Dan Allah zare filogin yanzu, kar a sake kunnawa, warin nan ba abin wasa bane. Ki fara duba rubutun jikin taransifomar, kayan Amurka 120V suke ɗauka, wutarmu kuwa 230V ce, in ba'a sa step-down (na'urar rage ƙarfin wuta) ba to ƙonewa zata yi. Sai layin dogon, in jirgin ya kauce ko wani ƙarfe kamar ƙusa ya faɗa ya haɗa layukan biyu wuta na haɗuwa, tsohuwar taransifoma kuma in abin yanke wutar cikinta ya mutu haka zata ta dumama har robar ta narke, balle akan kafet.

Maganar janyewa, hukumar CPSC mai kare mutane daga haɗarin kayan da ake sayarwa ce ke sanarwa a Amurka, ki ba yayanki sunan kamfanin da lambar samfurin ya duba a shafinsu. In yana ciki, kamfani kan gyara kyauta ko ya canza ko ya maido kuɗi. Wayar da ta tsage kar a naɗe da salatif, a kai wa mai gyaran lantarki ya sa sabuwa.